Daƙuwa a Suwame

A garejin Suwame kunne kayan ado ne.
Guduma na faɗin nata, walda na feshin tartsatsi,
janareto na tari tun hantsi har la'asar sakaliya.
Kowa ya ajiye harshensa a aljihu
tare da kuɗin mota.
Hannu ke tambaya, gira ke amsawa.

Ni Nomau, daga Tasawa na zo
da Hausa cike da baki, ba mai saye.
Wata uku ina karatun fuskoki
kamar mai haɗa baƙi ba malami.

Wumbai Badagombe in zai gai da babba
sai ya rage tsawo, ya tafa a hankali.
Wannan na gane, mu ma muna durƙuso.
Kwabena Batone kuwa, in mun yi musabaha,
sai ya ja yatsana zai ƙyasta,
alhali hannuna ya kama hanyar ƙirji.
Kullum gaisuwarmu rataye take kwana.

Ran da ya kwance mini wani noti mai taurin kai
na ɗaga masa babban yatsa,
ina ɗan lanƙwasa shi don murna.
Ya ajiye sifana. Idonsa ya kaɗa.
Kwana biyu bai sa hannu a kwanona ba,
sai Wumbai ne ya raɗa mini:
a nan, in yatsan nan ya motsa, uwar mutum ka taɓa.

Mai garejin, Madam Afiriye,
a Jamus ta girma, can ta koyi ƙarfe.
So take a dube ta tsakiyar ido.
Ni kuwa an raine ni a kan cewa
idon na ƙasa, ƙasa yake kiwo.
Ina sunkuyawa don girmanta,
tana ƙirga sifanoni bayan na tashi.

Ranar Laraba, bayan azahar,
injin tirela na lilo a sarƙa,
ina tafe da kwanon baƙin mai.
Na ɗaga kai, ga ta a bakin ofis,
hannu miƙe, yatsu biyar a ware,
tafin na kallon fuskata.

Daƙuwa.
Ni? Da furfurar farko a gemuna?
Hajo da ke kwance a maƙabartar Tasawa
ita za a jefa da yatsu a ƙasar goro?
Na tsaya cak, zuciya ta zo mini wuya.
A karon farko na kafe ta da ido,
ina lalubo Turanci mai nauyin dutse,

sai sarƙa ta tsinke.
Injin ya dira taku ɗaya gabana.
Baƙin mai ya wanke mini ƙafafu.
Suwame da ba ta san shiru ba
ta yi shiru na haɗiyar yawu ɗaya.

Ba wanda ya ce uffan. Da wane harshe?
Wumbai ya zauna kan taya yana tafi a hankali.
Kwabena ya kama hannuna ya ja yatsan,
mai ya hana shi ƙyastuwa,
ya sake ja, ya sake, har dariya ta kwace mana.
Ita kuwa ta manta hannunta a sama,
yana rawa kamar ganyen ayaba.

Da dare a Abowabo barci ya ƙi.
Na buɗe tafina a hasken waya,
na ware yatsu, na dunƙule, na ware.
Da da baki ta ce tsaya, da ban ji ba.
Da na gane nufinta, wa ya sani,
da na ƙara taku don kar a ce rago.
Zagin da ba a yi ba ne ya riƙe mini ƙafa.

Da safe na kai mata goro bakwai a ganye.
Ta karɓa da hagu.
Na dubi hannun, na dubi ƙasa,
sai na tuna, na ɗago.
Ta gatsa ɗaya, bauri ya yamutsa mata fuska,
amma ba ta tofar ba.
Ran nan ba a ƙirga sifanoni ba.